Safiyanu Magini da Sawun da Ya Ƙi Shafewa

Idan ka ji ƙwas, ƙwas, ƙwas a ƙofar gidanka bayan an sallame sallar asuba, kada ka fito da sanda. Ba ɓarawo ba ne, ba kuma akuyar maƙwabta ba ce. Safiyanu magini ne ya zo gaida simintinsa.

Haka yake tun ina da haƙoran cin gyaɗa. Da ya fito masallaci sai ya hau tsohon kekensa mai kukan nan da duk Tanut ta sani, ya rataya buhun da guduma da cokalin gini ke ciki, ya shiga bin unguwanni yana duba daɓen da ya zuba wa mutane, irin wanda ake yi daga bakin hanya zuwa cikin gida don mota ta shiga ba ta nutse a rairayi ba. Ya durƙusa, ya ƙwanƙwasa da ƙotar guduma, ya kasa kunne kamar ungozoma. In sautin ya fito a cike, ya ce, "Ka kwana lafiya," ya yi gaba. In kuwa ya amsa kamar kifaffiyar ƙwarya, to ruwa ya rarake ƙarƙashi, kuma ranar maigidan ba zai sha kununsa cikin kwanciyar hankali ba.

Ba wanda ya aike shi fa. Wasu gidajen ma an sayar, masu su na yanzu ba su san shi ya yi aikin ba. Wani baƙo da ya kama haya kusa da tasha ya taɓa hango shi tsugune yana tsige ciyawa daga cikin tsaga da ƙusa, ya ɗauka mai taɓin hankali ne, ya aiko masa da sauran tuwo. Safiyanu ya cinye tuwon tas, ya mayar da kwano, ya ce a gaya wa maigidan miyar ta yi daɗi, amma ya daina wanke mota wuri ɗaya ruwa na kwanciya.

Kowane lokaci da abin da yake zuwa nema. Da bazara, sa'ad da rana ke gasa ƙasarmu ta Damargu har ƙadangare na ɗaga ƙafa, tsagar nan da yake bari tsakanin gaɓa da gaɓa yake dubawa. Wai siminti kumbura yake in ya sha rana, in bai sami wurin miƙewa ba sai ya fashe inda ya ga dama. Ya share tsagar, ya narka kwalta a gwangwani ya zuba. Da an fara ganin hadari a gabas, magudanar ruwa yake bi yana kwashe leda da kara. Cikin damina kuwa, lokacin da iska ke tsayawa cik, gumi na bin bayan mutum ko a zaune yake, wani koren abu mai santsi kan fito duk inda ruwa ya kwana. Wannan shi ne babban maƙiyinsa, ya ce shi ke karya ƙugun tsofaffi. Da yashi da guntun buhu yake dirje shi. In mota ta ɗigar da baƙin mai, toka yake sa a barbaɗa ta kwana a kai.

Mu mata kuwa, tsakaninmu da shi sai dai Allah ya kyauta. Shanyar gyaɗa ko kuɓewa a kan daɓe bai hana ba, har cewa yake albarka ce. Amma turmi! Maƙwabciyata Raishatu, kada ku ce ni na faɗa, ta taɓa kafa turmi a tsakiyar daɓen gidansu don ba ta son rairayi ya shiga gero. Tana cikin daka ya iso. Ya rungumi turmin da geron da komai, ya kai shi gindin dogon yaro ya dire, ya dawo ya shafa wurin yana ba simintin haƙuri. Ita tana tsaye da taɓarya a sama, baki buɗe. Har yau in ta ji kukan kekensa sai ta duba inda turminta yake.

Amma dokar da ta kai sunansa har Tarka da Balbeji ita ce ta ruwa. Sabon daɓe, in an zuba, sai an lulluɓe shi da buhuna an yi ta jiƙawa safe da yamma, in ba haka ba rana ta shanye shi tun bai yi ƙarfi ba, ya tsattsage. To kun san ruwa a garinmu, wadda ta zubar da moɗa ɗaya a banza sai ta sha magana. Shi ya sa tun yana saurayi Safiyanu ya kafa doka: duk wanda ya taka masa ɗanyen siminti, shi zai shayar da shi da hannunsa, safe da yamma, har sai shi Safiyanu ya ce ya ƙoshi. Ba aike, ba wakili.

Da idona na ga wani jandarma, da kakinsa da hularsa, riƙe da bido, wato jarkar ruwa, yana yayyafi kamar mai lambu. Na ga Buzun da raƙuminsa ya sa ƙafa, ya riƙa kawo ruwa a salka yana zagin raƙumin da yarensu. Ragon limamin unguwarmu ma ya taɓa kutsawa. Liman ya ce ai ba shi ya taka ba, dabba ce. Safiyanu ya ce, "Gaskiya ne, Allah gafarta Malam. To a ba ragon buta." Washegari muka ga Liman ya naɗe hannun riga. Mun yi dariya har muka nemi gafara.

Ni Lantana an ce bakina ba ya ajiya, kuma ban musa ba. Amma abin da zan faɗa yanzu ba gulma ba ce, shaida ce, a gaban rabin unguwa aka yi.

Ina da aminiya, Tabawa. Tare muka yi tallan fura, shekara ɗaya aka kai mu ɗakunanmu, mazajenmu kuma suka riga mu gidan gaskiya kusan a jere. Tun daga nan wurin zamanmu ɗaya ne, ƙofar gidan ɗanta Falalu, daga la'asar har kiran magariba. Ni ke kawo labari, ita ke sa masa gishiri. Allah kuma ya ba ta wata baiwa da ban taɓa ganin irinta ba: ba wanda zai wuce ta gabanta ba ta tashi ta kwaikwayi tafiyarsa ba. Ɗanmalam mai shayi da ke tafiya kamar agwagwa, Raishatu da ke jefa ƙafa kamar tana shuka, har Liman da sanɗarsa. Sai ka rantse mutumin ne ya dawo.

Bara, bayan an gama girbi, hawan jini ya kayar da ita tana alwala. Aka ɗauke ta sai Damagaram. Ta dawo da ranta, alhamdu lillahi, amma ɓarin hagu ya yi nauyi, baki ya ɗan karkace, hannu na rawa, ƙafa sai an ja. Likitan can ya gaya wa Falalu magana a fili. Ya ce ƙafar nan ba mutuwa ta yi ba, barci take. In ana taka ta kullum za ta farka. In kuwa aka bar ta kwance har wata daminar ta wuce, to sai dai a riƙa ɗaukar tsohuwa ana ajiyewa har ƙarshen ranta.

Tabawa ta shiga ɗaki ta saki labule, ta ce ita da waje har abada.

Falalu ya sawo mata sanda mai kan roba, ta jingine ta bayan ƙofa. Matarsa Rahama, yarinyar kirki, ta yi lallashi har ta yi kuka. Liman ya zo ya yi nasiha. Ni kuwa kullum ina can da labarai masu zafi, sai ta juya fuska bango. Wata rana na ƙule na ce, "Ke Tabawa, kashe kanki za ki yi da rai?"

Ta ce, "Lantana, so kike in fita a rama? Duk wanda na kwaikwaya a garin nan yana nan yana jirana. In fito ina jan ƙafa kamar an ɗaura mini turmi? Gara a ce ta mutu da tafiyarta mai kyau."

Sanyi ya wuce, bazara ta shigo, ƙafa kullum ƙara sandarewa take. Ni ma zaman ƙofar ya fita raina. Labari in ba mai sa masa gishiri, ɗaukarsa ma nauyi ne.

To shi Falalu fataucin gishiri da kanwa yake. Daminar da ta wuce ya jibge kantu-kantu na gishiri da buhunan kanwa a kan daɓen da Safiyanu ya zuba wa mahaifinsa tun da daɗewa. Safiyanu ya ce masa ya sa katako a ƙasa, ya rufe da tamfol, don ruwan gishiri da kanwa cin siminti yake. Falalu ya ce to, bai yi ba. Ruwa ya sauka a kai, ya narke ya bi daɓen, kafin kaka wurin ya koma kamar gonar da aka haƙe gyaɗa. Mai ƙafa biyu ma sai ya duba inda zai taka. Kuma ɗakin Tabawa a kan wannan daɓen yake buɗewa, shi ne hanyarta zuwa ƙofar waje.

Lokacin Safiyanu ya riga ya sanar ya ajiye aiki. Gwiwoyi sun gaji, in ya durƙusa sai ya dafa ƙasa kafin ya tashi. Falalu ya je da goro yana roƙo. Abin da ban gaya muku ba, Safiyanu taubashin Tabawa ne, uwarsa da ubanta ciki ɗaya. Tun suna yara ba su taɓa haɗuwa an rabu ba a zagi juna ba, kowa na cewa ɗayan bawansa ne. Ya ce wa Falalu sai ya fara duba baiwarsa. Ya je ya yi sallama, ta hana shi shiga, ta wanke shi tas ta bayan labule, har kunnuwansa ba ta bari ba. Ya fito yana murmushi. Ya ce, "Bakin nan da ransa. Falalu, kawo yashi da tsakuwa."

Aka fasa tsohon daɓe, aka kwashe ƙasar da gishiri ya shiga, aka zuba sabuwa aka daddaɓe. Falalu ya ce, "Kawu, wannan karon ina son ya yi sumul yana sheƙi, irin na gidajen Damagaram."

Safiyanu ya ce, "Motarka ƙafa huɗu gare ta. Tsohuwarka ɗaya da rabi. Wa za mu yi wa?"

Falalu ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Ai ba ta fitowa, Kawu."

"Ni dai tambayarka na yi."

Bai bar tudu ko ɗaya ba tsakanin bakin ɗakinta da hanya, gangara ce mai sauƙi wadda ruwa zai bi amma mutum ba zai ji ta a gwiwa ba. Da ya baje simintin sai ya ɗauko tsintsiyar kaba ya ja a kai, layi-layi, don ya yi kaushi ƙafa ta sami abin kamawa. Wannan tsintsiyar ita ce alamarsa. Duk inda ka ga daɓe mai zanen tsintsiya a Tanut, hannunsa ne.

Ranar Juma'a aka zuba. Ya fara daga bakin ɗakin Tabawa yana fitowa baya-baya, bai kai ƙofar waje ba sai da rana ta take. Ya jera ƙaya ta wajen tsakar gida saboda awaki, ya fito ya ja ƙofar ƙarfe ya rufe. Sai ya dube ni, da ma ina nan ina kallon aiki, ya ce, "Lantana, za mu masallaci. Tara matan unguwa ku zauna mini nan jikin ƙofa, kada wani ya buɗe."

Gadin ƙofa ai sai da hira. Muka shimfiɗa tabarma a ƴar inuwar katanga, ni da Raishatu da wasu, Rahama ma ta zagayo ta ƙofar baya ta same mu, ta ce tsohuwa ta yi barci. Kuma a ranar ina da labarin da ke cina tun safe, har shi Safiyanu sai da na ɗan tsakura masa yana aiki. Ɗanmalam mai shayi ya sawo haƙoran roba, ya je walima da su yana ta washe baki kowa ya gani, ya sunkuya zai kurɓi fura sai haƙoran suka faɗa cikin ƙwaryar da mutum biyar ke sha. Yadda ya yi ya laluba, da abin da na kusa da shi ya tsamo da ludayi, wannan sai an rage murya. In na rage murya a matso, in na kai ƙarshe a kwashe da shewa. Haka muka yi ta yi har aka sauko.

Safiyanu ya dawo da Falalu da mazan unguwa. Ya tura ƙofa. Sai ya dafe kai ya ce, "Inna lillahi! An kashe ni!"

Muka ruga muka leƙa. Ga sawu nan tun daga bakin ɗakin Tabawa. Ƙafar dama ba takalmi, gefenta wani dogon ja kamar an ja icce, gefe guda kuma ƴan ramuka zagaye-zagaye na kan sanda. Can wajen ɗaki da ƙyar ake ganinsu, don wurin ya fara ƙarfi. Suna matsowa suna ƙara zurfi. A jikin ƙofar ƙarfe, daidai bayan inda na jingina, ƙafar ta nutse har yatsu biyar sun fito ɗaya-ɗaya. Mai ita ta daɗe a tsaye a nan. Daga nan sawun ya juya ya koma.

Rahama ta toshe baki, hawaye na zuba.

Safiyanu ya bi gefe ya tsaya bakin labule.

"Salamu alaikum, baiwata."

Ya ɗaga murya.

"Na ce salamu alaikum. Ko kunnen ma a Damagaram aka baro shi?"

"Wa alaikumus salam. Wa ya bar bawan gidanmu ya zo yana ɗaga mini murya?"

"An yi mini ɓarna, Tabawa."

"To ni alƙali ce?"

"An taka mini aiki tun daga bakin ɗakin nan har ƙofa."

"Aljanu ne. Na gidan nan ba su da kunya ranar Juma'a."

"Aljani da sanda?"

"Su ba sa tsufa?"

"To miƙo ƙafar in gani."

"Ƙafata? Kai da ka fito masallaci yanzu? Allah wadaran tsufan banza."

Rahama ta zagaya ta shiga ɗakin. Sai ga ta ta fito tana dariya tana kuka, da tasa a hannu, ruwan ciki ya yi toka-toka da siminti. A ƙarƙashin gado ta same ta.

Falalu ya matso ya rage murya. "Kawu, don Allah a bar maganar. Ni zan shayar. Zan sa ƴan garuwa su jiƙa shi har ya gaji."

"Kai ka taka?"

"A'a, amma ba ta da lafiya."

"Mara lafiya ba ya tashi ya je ƙofa jin labarin haƙoran Ɗanmalam. Liman ma bai tsira ba, ga shi nan ka tambaye shi." Sai ya ɗaga murya yadda za ta ji. "Sauran daɓen ku jiƙa, ku rufe da buhu. Amma layin nan da aka taka, daga ɗaki zuwa ƙofa, rabon mai ƙafar ne. In gobe ba ta fito ba, zan kawo kujera in zauna kan sawun nan, duk wanda ya wuce in kira shi in ce zo ka ga inda Tabawa ta laɓe."

Daga ciki muka ji, "Ni na laɓe? Ni da labari ke samu har gado? Ɗan banza mai kunnen jaki!"

Ya sa cokalin gini ya shafe sawun tun da sauran laushi, ya sake jan tsintsiya. Guda ɗaya ya bari, mai zurfin nan na jikin ƙofa, can gefe inda ba a bi. Ya ce shaida ce.

Washegari da sassafe ya zo ya wangale ƙofar ƙarfe duka biyu, wai siminti na son iska. Ku zo ku ga yadda kowa ya tashi da uzuri a layinmu. Wannan aron rariya, wancan neman akuya. Ɗanmalam ma ya baro teburin shayinsa, bakinsa a rufe gam. Duk waɗanda ta kwaikwaya suna nan, abin da take tsoro ke nan tun farko. Na so in kore su, Safiyanu ya harare ni.

Labule bai motsa ba. Rana ta fara hawa, layin nan da ba buhu a kai ya fara fari. Ya tsuguna yana shafa shi yana cewa, "Yi haƙuri. Ƙishirwa ko? Wadda ta taka ka ba ta da tausayi." Yana yi yana wasa, amma idonsa na kan labulen. Na san abin da ke ransa, don shi ke raina. In ba ta fito yau ba, da jama'a ta gan ta ta ƙi, to ta rufe ke nan, mun ƙara mata ƙofa a kan labule.

Sai kan sanda ya leƙo.

Ta fito ta yane fuska da mayafi, sanda a dama, ƙaramar buta a hannun nan mai rawa. Ta sa ƙafar dama, ta jawo ta hagu. Kaushin tsintsiyar ya riƙe sandar, ba ta zame ba. Hannun na rawa, ruwan na zuba da kansa daidai inda ake so. Rahama ta yunƙura za ta tare ta, Safiyanu ya ɗaga mata yatsa. Ban san tsawon lokacin da ta ɗauka ba, ni dai na san ban ɗauke ido daga kanta ba har ta iso.

Ta tsaya a bakin ƙofa tana haki. Ta janye mayafin, ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, da karkataccen bakinta.

Ta ce, "To, ga ni. Mai ramawa ya rama."

Ba wanda ya motsa. Raishatu ta sunkuyar da kai.

Ta ce, "Ba mai iyawa? Kai, garin nan an yi asarar mutane. Tafiyata ma sai ni zan kwaikwaya muku? Ku matsa ku gani."

Ta juya, ta turo ƙugu gefe, ta jefa sanda gaba, ta jawo ƙafar nan da wata irin yanga kamar amarya mai sabon takalmi, har da karkata kai. Wayyo Allah! Layinmu ya ɗauki shewa. Raishatu ta zauna a ƙasa daɓas. Liman ya rufe fuska da rawani kafaɗunsa na rawa. Ɗanmalam ya manta ya buɗe baki yana ƙyaƙyatawa, sai ga dasashi fili ba haƙori ko ɗaya. Ta waiwayo ta ce, "Af, Ɗanmalam, ashe ba a samo su ba? Wa ya haɗiye?"

Ranar na yi kuka da dariya har zanina ya kwance.

Tun daga nan safe da yamma sai ta fito da butarta. Ruwan ma bai zama damuwa ba, kowace mace a layin sai ta rage na ɗauraya ta kawo. Daɓen ya yi ƙarfi, aka kwashe buhuna, har Falalu ya fara shiga da mota. In ta tambaya, Safiyanu ya ƙwanƙwasa, ya kasa kunne, ya girgiza kai ya ce, "Bai ƙoshi ba." Ya ƙara mata da na waje, daga ƙofa zuwa bakin hanya. Da aka yi ruwan fari ta aika a gaya masa ai yanzu sama ta shayar. Ya ce wannan ruwan Allah ne, ba nata ba. Kafin gero ya yi kai, Tabawa da ƙafarta ta zo gidana, ta zauna, ta ce furata ta yi tsami.

Ni kuwa abin ya tsaya mini a rai. Na tare shi wata safiya na ce, "Safiyanu, tsaya. Kai da ba ka kai hantsi kana zuba siminti, ranar ka kai azahar. Kai da kake kewaye aiki da ƙaya ta ko'ina, ka toshe wajen awaki ka bar bakin ɗakinta a buɗe. Ƙofar da ke da sakata, ka ce sai mun yi gadi. Kuma a cikin matan Tanut duka, ni ka zaɓa."

Ya gyara buhunsa a kafaɗa. Ya ce, "Tsufa ne, Lantana. Mantuwa ta yi yawa. Shi ya sa na ajiye aiki." Ya hau keke, ya waiwayo ya ce, "Kada kuma in ji a gari."

Ka yi haƙuri, Safiyanu. Ka san wadda ka gaya wa.

Kai ne ka zuba wa rabin garin nan inda suke takawa, ba ka taɓa rubuta sunanka a jiki ba. Kai ne ba ka ɗauki aiki ya ƙare ranar da aka sallame ka ba, kana komawa kana gaishe shi kamar ɗiyar da ka aurar. Kai ne ka dubi daɓe ka ga tsohuwar da za ta bi ta kai, lokacin da mu duka mota muke gani. Mai tsintsiyar kaba, mai hukunta liman da jandarma! Likita ya faɗi magani, mu muka yi ta roƙo da kuka, kai kuwa ka san taubashiyarka: ba za ta fito don a tausaya mata ba, amma za ta fito don jin ƙarshen labari, za ta kuma fito don kada ka yi mata dariya.

Yanzu ya miƙa cokalin gini ga Rabi'u, wanda ya daɗe yana aiki tare da shi har shi ma furfura ta fara fito masa. Ya ba shi da dokar, ya ba shi da tsintsiyar. Amma ƙwas-ƙwas ɗin asuba bai daina ba, sai dai yanzu da kan sanda yake yi daga tsaye.

Mun gode, Safiyanu. Ni na gode, ka mayar mini da mai sa wa labarina gishiri. Allah ya sauƙaƙa wa gwiwoyin nan, ya sa ranar da ƙafafu ke zamewa taka ta sami abin kamawa. Ku kuma magina na yanzu, masu zubawa ku shafe ku tafi ba waiwaye, ku riƙa komawa kuna ƙwanƙwasa abin da kuka yi. Ku tambayi wa ke cikin gidan kafin ku sa sheƙi. Wanda kuma ke da tsoho kwance a ɗaki ya saki labule, kada ya tsaya kan sannu kawai. Ya nemo masa butarsa, ko wace iri ce.

Sawun yana nan jikin ƙofar Falalu, yatsu biyar cif. Har yau kowace safiya Tabawa kan juye sauran ruwan butarta a ciki, kaji su zo su sha. In kun shigo Tanut ku tambaya a nuna muku. Amma ku gyara tafiyarku tun daga kwana, don tana zaune a ƙofa.